Gurmin Baffa Shitu da Bes Ɗin Legas

Kibiya, bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Ya Legas, ya aiki? Mu nan kowa lafiya, sai zafin bazara da ya hana mu sakat. Maigidana Malam Isma'ila yana gaishe ka. Na shiga Rano na duba mahaifiyarka Hajiya Kulu, kumburin ƙafar nan ya saɓe, har tana takawa zuwa maƙwabta.

Ka ga takarda na rubuta na ɗauki hotonta na turo maka. Da gangan na yi. In na kira ka ba za ka bar ni in kai aya ba, za ka shigo da wasan taubasai ka mai da maganar raha, ni kuwa yau babu raha a bakina.

Ka san wahalar da na sha kafin Baffa Shitu ya yarda ya baro Unguwar Gai ya bi ni situdiyon Ishiyaku a Rano. Mutumin nan tun ba a haife ni ba yake kaɗa gurmi a rugage da garuruwa, bai taɓa barin kowa ya naɗi kiɗansa ba. Ya yarda ne kawai don ni 'yar ƙanensa ce, kuma waƙar ta bikin jikarsa Asma'u ce. Muka ɗauki muryata da gurminsa muka turo maka, don kai ka ce kiɗan rawa na zamani sai Legas, za ka ɗora mana ganga da bes, sautin nan mai kauri da ake ji a ƙirji, irin wanda 'yan mata ke so. Da ka dawo da ita na saurara a waya na yi ta sa maka albarka. Har Baffa na kai wa, ya kara a kunne ya yi murmushi.

Ranar wuni a Lausu, garin ango, Ishiyaku ya kafa manyan sifikunsa a ƙofar gida. Baffa ya sa farar rigarsa, aka ba shi kujera a gaba. Gurmi ya fara shi kaɗai, mata suka yi guɗa. Bes ɗinka yana shigowa komai ya dagule. Wani gurnani ne ya taso daga ƙasa, gurmi na gabas shi yana yamma, har haƙorana sai da suka mutu. Kuma ba ya sauka tare da ganga, sai an ɗaga ƙafa sannan ya iso. Ƙawayen amarya suka shiga fili, wannan ta bi ganga, waccan ta bi bes, suka yi ta karo da juna, suka fashe da dariya suka koma suka zauna.

Ba dariyar ce ta ƙona ni ba. Babu wanda ya san da kai a Lausu, babu wanda ya san akwai wani abu wai shi bes. Gurmi suka sani. Wani dattijo daga dangin ango ya faɗa da ƙarfi, kowa ya ji, cewa tsufa ya kama hannun Shitu, ko ɗaure tsirkiya ya daina iyawa. Baffa ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya hau acaɓa ya tafi, ko abinci bai taɓa ba. Matarsa Iya ta aiko mini cewa ya rataye gurmin a ɗakin da suke ajiye harawa.

Ina so ka gaya mini abin da ka zuba a waƙar nan, kuma ka gyara shi.

Taubashiyarka,
Salma


Agege, Legas

Salma,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarki. Lafiyata ƙalau, sai ruwa da ya fara sauka mana nan, hanyar situdiyo ta zama kogi. Na gode da duba Hajiya. Ki gaida Malam Isma'ila.

Abin da ya sami Baffa ya dame ni, Allah ya sani. Amma yadda kika ɗauko laifin ɗungurungum kika aza mini bai yi mini daɗi ba. Ni ba mai situdiyon nan ba ne, a tsakanin aikin oga na riƙa satar lokaci ina yi miki. Ina gama karanta takardarki na buɗe kwamfuta na bi bes ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kowane sauti yana kan maɓallin fiyanon da ya kamata, kowane yana zaune daidai kan layinsa. Kwamfuta tana da layuka da suke raba lokaci, abin da ya hau layi ba ya makara. Da idona na gani.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Gurmin Baffa ba ya kan ma'auni. Babbar tsirkiyarsa ba ta dace da kowane maɓalli na fiyano ba, tana tsakanin biyu ne, sai na zaɓi wanda ya fi kusa. Sannan hannunsa ba ya tsayawa a gudu ɗaya. In kin shiga amshi yana ƙara sauri, in kin koma baiti sai ya ja baya. Inji ba ya haka. Kafin ki zarge ni kuma, ki tambayi Ishiyaku yaushe rabon da ya duba sifikunsa. Na san su tun ina Rano, ɗaya a yage take, da gam aka liƙe ta. Ko labarun rediyo aka sa a cikinta gurnani za ki ji.

Duk da haka zan zauna a kai. Akwai hanyar da ake jawo gurmin ya hau maɓalli, a yanyanka shi a jera kan layi har ya daidaita da bes. Shi Baffa ba sai ya sake zuwa ba. Idan an yi haka abin ya ƙi zama, to cire shi zan yi gaba ɗaya a huta.

Naki,
Ja'afaru


Kibiya

Ja'afaru,

Salamun alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu lafiya. Hajiya Kulu lafiya, sai ɓacin ran da ka jawo mata.

Cire shi za ka yi a huta? Mutumin da waƙar ta tsaya a kan gurminsa? Na karanta layin nan har na gaji, ban ga wani kwana a cikinsa ba. Wato dattijon da ya kaɗa wa kakarka a bikinta shi ne ba ya kan ma'auni, shi ne hannunsa ba ya tsayawa. Abin da mutumin Lausu ya faɗa a tsaye, kai ka faɗa a rubuce.

Ban iya haɗiye shi ni kaɗai ba, na tafi Rano na karanta wa Hajiya. Ban lura ba ashe akwai wata mai tallan nono ta Unguwar Gai tana zaune a inuwar zaure tana ji. Kafin in koma Kibiya magana ta isa kunnen Baffa. Ga saƙon da ya bayar a kawo maka, ban ƙara ko harafi ba: "Ku gaya wa ɗan Kulu ba sai ya wahala ba, na cire kaina."

Batun sifika kuma, na gaya wa Ishiyaku. Ransa ya ɓaci sosai, amma bai yi musu ba. Ya je ya aro sababbi fil a wurin wani abokinsa, har da ledarsu a jiki, muka sa waƙar a situdiyonsa. Gurnanin yana nan inda yake, sai ma ƙara fitowa da ya yi.

Muna nan zaune sabon gyaran naka ya shigo, muka sa shi a take. Ja'afaru, me ka yi wa gurmin? Ya koma kamar ƙarar waya in ana kira. Wannan jan da Baffa yake yi wa tsirkiya kamar tana kuka, duk ka goge shi. Inda yake ɗan jinkirtawa don in ja numfashi, ka datse, yanzu muryata tana bin kiɗan da gudu kamar wadda mota za ta bari. Na hana Ishiyaku ya kwafa wa kowa, na sa ya goge a gabana.

Ga abin da nake so ka amsa mini. Ka ce gurmin ne ya kauce wa maɓalli. To ka murɗe shi ka kai shi inda kake so, ka jera shi kan layinka, amma bes ɗinka har yanzu faɗa yake da shi, har yanzu bayan ganga yake zuwa. Yanzu wa ya rage da za ka ɗora wa?

Salma


Kibiya, farkon damina

Ja'afaru,

Ina gaisuwa. An yi mana ruwan shuka, kowa ya tafi gona. Da fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru, don waya ta nuna mini ka buɗe takardata tun ranar da na turo.

An zo har gida daga Rano ana neman Baffa ya kaɗa a wani biki, ya ce a nemi yara masu hannu. Iya ta ce da rana yana bin shanu, da yamma ya zauna a ƙofar gida yana kallon hanya, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Ni ma na daina karɓar waƙar biki, don duk inda na je sai an tambaye ni shi.

In ba za ka iya ba ka faɗa, ka turo mini muryata da gurminsa yadda na ba ka.

Salma


Agege

Salma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mai gida. Allah ya ba da damina mai albarka. Shirun nan kashi biyu ne. Na farko fushi ne, ba zan ɓoye ba. Na biyu zazzaɓin taifot ne da ya kwantar da ni, sai da aka yi ta ƙara mini ruwa. Kada ki gaya wa Hajiya, na warke.

Bes ɗin nake nufi, Salma. Bes ɗin zan cire. Wace irin zuciya kike zaton ina da ita da zan cire Baffa daga waƙar jikarsa? Da kin tambaye ni da kalma ɗaya da na gaya miki. Maimakon haka kika ɗauki takardata kika kai wa uwata kika karanta a gaban mai tallan nono. Hajiya ta kira ni ta wanke ni tas, ban san laifin da na yi ba. Yanzu duk Unguwar Gai ana cewa ɗan Kulu ya je Legas ya raina manya. Wannan ke kika ja mini, kuma ke za ki je ki warware shi.

Tambayarki ta ƙarshe kuwa ta tsaya mini a rai ina kwance. Da na miƙe na jira ranar da oga ba shi da baƙi da safe, na shiga babban ɗaki na sa waƙar a manyan sifiku. Tun farko da iyafis, abin saurare na kunne, na yi aikin nan a lungu, shi kuwa iyafis da waya ba sa fito da sautin da ya yi ƙasa sosai, shi ya sa ke ma ba ki ji ba sai a Lausu. Da na ji abin da kuka ji, tashi na yi na kashe.

Bes mai zurfi kunne ba ya gane muryarsa da kyau, jiki ne yake jinsa. Sai na ɗaga shi sama ya yi siriri kamar sarewa, na haɗa shi da fiyano. Ashe shi kansa sautin ƙarya yake ɗauke da ita. Ba ni na ƙirƙire shi ba, a cikin tarin sautuka yake da ake saukewa daga intanet. Wanda ya haɗa shi ya rubuta sunan maɓalli ɗaya a jiki, alhali na gaba da shi yake fitarwa. Duk abin da na danna daidai, sai ya fito a karkace. A ido lafiya lau, a kunne ɓarna. Sannan da na buɗe shi na ƙara girmansa a fuskar kwamfuta, sai ga ɗan shiru a gabansa wanda ba a yanke ba. Ya hau layi, amma shirun ne yake fara fita, sautin ya biyo baya. Makarar ke nan. Wallahi da na san wanda ya yi wannan sakacin ya watsa wa duniya, da na neme shi.

Saura na wuyana ne, da ban saurara inda ya kamata ba. Amma ban janye abin da na faɗa kan gurmi ba, don ba zagi ba ne. Yana tsakanin maɓalli biyu, kuma gudunsa yana hawa yana sauka. Abin da na yi kuskure shi ne jan gurmin zuwa wurin inji. Injin zan ja zuwa wurinsa.

Ga abin da nake buƙata. A cikin waƙar yatsunsa suna gudu, muryarki kuma ta hau kai, ba na samun sauti tsayayye da zan auna. Ki sa Baffa ya ɗaure gurmin yadda ya ɗaure ranar, ya taɓa babbar tsirkiya ita kaɗai ya bar ta ta yi ƙara har ta mutu, sannan ƙaramar. Ki naɗa a kusa, inda babu iska. In babu wannan, lalube zan sake yi.

Ja'afaru


Kibiya

Yaya Ja'afaru,

Wa'alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka riƙa dafa ruwan sha. Ban gaya wa Hajiya ba, amma ba don ka ce ba, don ƙafarta ce.

Batun "cire shi", na sake dubawa. Sunan Baffa ne a layin da ke sama da shi. In mutum zai yi rubutu kan abin da ya shafi mutuncin wani, sai ya kira abu da sunansa. Duk da haka na je na gaya wa Hajiya abin da ka ce kana nufi, na kuma tare mai nonon a kasuwa na ce ta mai da wannan ma yadda ta kai wancan.

Ka rubuta "ki sa Baffa ya taɓa tsirkiya" kamar aiken sayen gishiri. Zuwana na farko ko zancen bai bari na ɗauko ba, ya yi ta tambayata farashin taki. Na leƙa ɗakin harawa na ga gurmin, tsirkiyoyin sun saki, zanzaro ya fara gini a jikin ƙwaryar. Na dawo gida na yi kuka.

Zuwa na biyu na tafi da Ishiyaku, ya ɗauro sifika ɗaya da batir a bayan mashin. Ban roƙi Baffa komai ba. Bayan la'asar, maƙwabta suna zaune a ƙofar gidansa, na ce a sa abin da muka ɗauka a Rano tsuransa, babu ganga babu bes, gurmi da muryata kawai. Da farko ya juya mana baya. Da aka kai amshi na biyu sai ya juyo. Aka gama, ya ce a sake sawa.

Sannan na yi masa bayani iya ganewata, cewa wani sauti ne na inji aka ɗora wanda aka yi wa suna ba daidai ba.

"Wato ba ni ba ne," in ji shi.

Na ce ba shi ba ne.

"Kuma saboda abin da wani ya rubuta a inda ban sani ba aka kira ni tsoho a Lausu, a gaban surukai."

Na ce haka ne. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin haka ba. Na ɗauka shi ke nan mun rasa shi. Da na faɗi abin da kake so, ya ce shi ba ɗan koyo ba ne da zai tsaya yana taɓa tsirkiya ɗaya ana kallonsa. Iya ce ta fito daga cikin gida da gurmin a hannu, ta goge shi da gefen zanenta, ta ajiye masa a cinya. Ta ce ta gaji da zama da mutumin da ba ya magana, in ba zai kaɗa ba za ta sa ƙwaryar a awon dusa.

Na damu da cewa ɗaurin ranar ya tafi. Ya ce in bar wannan, da muryarsa yake ɗaurewa, muryarsa kuwa ba ta je ko'ina ba. Ya yi gunji a maƙogwaro, ya ja tsirkiya, ya sake ja. Muka shiga ɗaki muka rufe ƙofa. Abin da na turo maka shi ne. Ƙarar da za ka ji a ƙarshe ɗan akuya ne, ba yadda na iya da shi.

Yana gamawa ya mai da gurmin inda yake rataye. Ka yi aikin nan da kyau.

Salma


Agege

Salma,

Ina gaisuwa, jiki ya yi ƙwari. Na samu, har da ɗan akuyan.

Na haɗa tsirkiyar da kika turo da ta ranar farko, suka hau kan juna kamar abu ɗaya. Bayan watanni, babu na'ura, babu komai. Na daɗe zaune ina maimaitawa.

Na jefar da wancan gyaran, na dawo da gurmin yadda ya kaɗa shi. Na yanke shirun da ke gaban bes, na sauke muryarsa kaɗan kaɗan har ya shiga tsakanin maɓallan nan biyu ya kwanta a ƙarƙashin babbar tsirkiya. Akwai wata rawa da sauti biyu suke yi in sun kusa haɗuwa ba su haɗu ba, na yi ta juyawa har ta tsaya cak. Sannan na bi waƙar daga farko zuwa ƙarshe ina sa alama a kan kowane dukan hannunsa, na sa layukan kwamfuta suka bi alamomin, in ya yi sauri su matse, in ya ja baya su buɗe. Ganga yanzu shi take bi. Bes ɗin da yatsuna na buga shi ina sauraronsa, kuma na sa yana ɗan dusashewa duk lokacin da ganga ta sauka don kada su danne juna.

Wani abokin aikina ya shigo ya ga layukan sun karkace, ya yi dariya ya ce ba a kiɗan rawa haka, dije mai sa wa jama'a kiɗa ba zai iya haɗa shi da wata waƙa ba. Na ce ya fita ya ja mini ƙofa. Sai da muka yi kwana biyu ba ma gaisawa.

Kada ki saurara a waya ki ce mini ya yi ko bai yi ba. A manyan sifiku, ke da Ishiyaku kawai, kafin kowa ya ji.

Ja'afaru


Kibiya, gab da babbar Sallah

Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gero ya yi kyau, kasuwa ta cika da raguna. Hajiya tana gaishe ka, ta huce.

Mun ji a situdiyo. Ishiyaku, da har yanzu yake ciki da kai, bai san lokacin da ya fara kaɗa kai ba.

Na ce ba za a fara sa ta ko'ina ba sai Lausu. Allah ya taimaka aka sa bikin ƙanwar mijin Asma'u, gida ɗaya, mutane ɗaya. Baffa ya ce ba zai je ba, sai ga shi da la'asar ya sauka a acaɓa, ya ƙi kujera, ya tsaya can gefe a jikin katanga. Da bes ya shigo na rufe ido. Sai na ji shi a ƙirjina yana tafiya tare da gurmi kamar gurmin ne ya yi ƙato. Da na buɗe ido fili ya cika, har da tsofaffin mata. Sau nawa aka ce a maimaita, ban riƙe ba. Dattijon nan da ya yi maganar ya zo ya miƙa wa Baffa hannu yana cewa ashe Shitu yana nan. Baffa ya ce masa dama bai je ko'ina ba, ya ci gaba da kallon fili.

To ga abin da ya sa na rubuto, kuma ka zauna kafin ka karanta. A hanyar komawa Baffa ya ce yanzu da gurnanin ya tafi yana jin kansa sosai, kuma a baiti na uku yatsansa ya zame. Babu wanda ya ji sai shi. Ya ce ba zai bar wa jikoki wannan ba, a sake ɗauka. Washegari ya sauko da gurmin ya cire tsofaffin tsirkiyoyin, ya sa sababbi, ya ja su sama da da, wai ya fi daɗi da muryata. Na ce masa Ja'afaru ya auna komai a kan tsohon ɗaurin. Ya ce to ya sake aunawa, ba aikinsa ke nan ba? Kuma ba waƙa ɗaya ba, ya tuno wasu na zamanin mahaifinsa da yake so a naɗa. Tun safe yake kaɗawa, Iya ta fara ƙorafin ya hana ta jin rediyo.

Kada ka rubuto mini faɗa, ba ni na sauya tsirkiya ba.

Taubashiyarka,
Salma


Agege

Salma,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau. A gaida kowa.

Faɗa kam sai na yi. Kin san yawan alamomin da na sa da hannu a waƙar nan? Idona har yanzu yaji yake. Mutum ya tashi da safe ya ja tsirkiya, aikin wata guda ya tafi, sannan a ce mini ba aikina ke nan ba.

Ba zan sake yin wannan ta waya ba, ana turo mini ɗan akuya. Na gaya wa oga zan yi Sallah a gida, ya ɓata rai, na ce sai dai ya ɓata. Zan zo da kwamfuta da ƙaramin fiyano. Ki gaya wa Ishiyaku ya kai sifika Unguwar Gai, ki gaya wa Iya ta share mana ɗakin harawa.

Shi kuma Baffa, ki ce ina gaishe shi da girmamawa, ya ɗaure gurminsa yadda ya ga dama. A gefensa zan zauna. In ya ja tsirkiya, ni ma in ja tawa.

Naki,
Ja'afaru